Shekarar Shuɗiyar Ƙofa

Nafisa, ranar da muka raka ki tasha da akwatinki, Kawunku Bala ya sake ba da labarin nan da kuka taso kuna ji: wai a shekarata ta farko a kwaleji na kulle kaina a ɗaki, ba na fitowa sai alwala, har idanuna suka faɗa saboda karatu, kuma wai ke ma haka za ki yi in kina so ki zama wani abu. Na ga yadda kika sunkuyar da kai. Ban ce komai ba saboda direba yana ta matsa ham, amma tun a hanyar dawowa na ƙudurta cewa wannan babin zan fara rubuta muku, ke da ƙannenki. Ɗakin gaskiya ne. Ƙofar ma gaskiya ce, shuɗiya, mai sakata ta ciki. Abin da Bala bai sani ba shi ne abin da ke bayanta, domin shi a waje yake, kamar kowa.

Gidanmu na Makera gidan hayaniya ne kafin wannan shekarar. Mu ne a ɗakunan gabas, a yamma kuma akwai Maman Terna, mutuniyar Binuwai da ta daɗe tana haya a wurinmu har ta zama kamar 'yar gida. 'Yan uwanta sukan aiko mata da buhunan agushi, ita da Innata su zauna a rumfar tsakar gida suna ɓara daga hantsi zuwa la'asar, maƙwabta su shigo su kama musu. Aiki ne da hannu ke yi shi kaɗai, kunne da baki suna zaman banza. A nan na samu matsayina a duniya. Tun ina ƙaramar sakandare ni ce mai karanta musu littattafan soyayya da muke arowa a kasuwa. Ina zama a kan turmi, in sauya murya in ta saurayi ce, in sassauta in ta budurwa ce, in dakata daidai inda zuciya ke tsinkewa don in ji Inna ta ce, "To, sai me ya faru?" Maman Terna kuwa ba ta taɓa yarda da wani saurayi ba. Da ya fara rantsuwa za ta watsa ɓawo gefe ta ce, "Ƙarya ne, wannan ba zai dawo ba." Darussan makaranta ma a kan turmin nan nake yinsu, tsakanin babi da babi, da ƙarfi, ana yi mini dariya. Ban taɓa lura cewa haka nake koyo ba. Na ɗauka kawai ni mai ƙwaƙwalwa ce.

Baba ya yi mafi yawan rayuwarsa a gaban injin saƙa a Kakuri. Ƙarar injin ta cinye masa kunnen hagu, shi ya sa in za ka yi masa magana sai ya juyo maka da gefen dama. A shekarar da na samu gurbin karatun kiwon lafiya, masaƙar ta riga ta rufe, yana gida ba shi da wurin zuwa. Yakan ba mu labarin ofishin manajansu, wanda ya shiga sau ƙalilan: shuɗiyar ƙofa, in ka rufe ta sai ƙarar duniya ta ɗauke ɗif, mutum yana zaune shi kaɗai da biro yana tunani. A wurin Baba, wannan shirun shi ne abin da ya raba masu ilimi da irinsa. Don haka da takardar shiga ta zo, bai yi walima ba. Ya kwashe tarkacen da ke ɗan ɗakin ajiya na kusa da rumfa, ya yi masa farar ƙasa, ya kawo tebur da kujera. Sannan ya ciro katakon wani tsohon akwatin inji da ya daɗe yana ɓoyo, ya yi kwanaki yana fiƙa yana gogewa, ya haɗa ƙofa da hannunsa, ya shafa mata shuɗin fenti.

Ranar da ya kafa ta, ya tara gidan ya ce, "Daga yau Rabi ba ta wanke-wanke, ba ta aike, ba ta karanta wa kowa tatsuniya. In ƙofar nan tana rufe, ba na son jin ko tari."

Maman Terna ta ce, "Baban Rabi, to agushin fa? Shi ma ya yi shiru?"

"A kai shi nan maƙwabta, gidan Hajiya Ladi. Can ma akwai inuwa."

Ya juyo gare ni, fuskarsa tana haske irin wanda ban ƙara gani ba tun rufe masaƙa. Ya ce, "Ni ban samu shiru ba ko na yini ɗaya. Ke ga naki, ki yi yadda kike so da shi."

Na yi godiya har da hawaye, kuma hawayen gaskiya ne. A raina na riga na ga kaina kamar 'yan matan littafi: ina zaune gaban taga, mayafi ya zame kaɗan, littafi a buɗe, wani kamili mai farar shadda ya zo wucewa ya ga hasken ilimi a fuskata ya kasa ci gaba da tafiya. Ɗakin ba shi da taga sai wata 'yar kafa can sama kusa da kwano, amma wannan bai hana ni ba.

Kwalejin kuwa ba ta yi kama da komai da na karanta ba. Zauren lacca cike yake maƙil, malami yana can nesa kamar ɗan tsana, Turancinsa yana gudu, in ka ɗaga kai ka rasa layi. Kowa ya zo da abokansa ko ya yi su a makon farko, ni kuwa ina jira a zo a same ni, domin a littafi kullum zuwa ake yi a sami yarinya. Ba wanda ya zo. Nakan zauna a bencin baya in rubuta abin da kunnena ya kama, in ce in na koma gida zan zauna in fahimce shi a tsanake. In na dawo, Baba yana kan bencinsa a bakin ƙofata. Yakan miƙe ya buɗe mini ita da kansa, in shiga, ya ja ta a hankali. Sai shiru ya sauko mini kamar an kifa mini kwarya.

Ina so ku fahimci yadda abin yake, domin ba lalaci ba ne irin wanda kuka sani. Nakan zauna da niyya sosai. In jera littattafai, manya a ƙasa, ƙanana a sama. In fiƙe fensir. In ja layi a gefen takarda, in rubuta sunan darasi da kyakkyawan rubutu, in yi masa ado da jan biro. In karanta layin farko, in sake karanta shi, kalmomin su tsaya a kan takarda kamar baƙin da ba su san gidan wa suka shigo ba. Sai in ce bari in sha ruwa. Sai in ce ai la'asar ta kusa, bayan salla zan fara da sabon ƙarfi. Bayan salla in ce yau ta riga ta lalace, gobe da sassafe ya fi albarka. Gobe in ce Asabar. Na yi wa littattafaina duka bango da takardar siminti, wasu har sau biyu. Na san yawan tabon da ruwa ya yi a silin, na ba kowanne suna. Wata rana na ɓoyo littafin soyayya a cikin hijabi, ina cewa ko shi zai buɗe mini kai, sai na tarar shi ma ba ya karantuwa. Ba wanda zai ce sai me ya faru, ba wanda zai ƙaryata saurayin. Na ajiye shi a shafi na uku. Daga nan sai na koma shimfiɗa tabarma a bayan ƙofa, in kwanta, in ƙirƙiri labarai a kaina, waɗanda a cikinsu na riga na gama karatun, ina sanye da farar riga a asibiti, wani da na ceto ransa yana nemana unguwa-unguwa. A labaran nan ba a taɓa nuna lokacin da na yi karatun ba. Kullum an riga an yi.

Ta ƙarƙashin ƙofar ina ganin dugadugan Baba. Ina jin ƙarar carbinsa, ina jin yana kora kaji da hannu don kada ya yi magana. In yara suka shigo da gudu sai in ji raɗarsa, "Kai, a hankali, Rabi na karatu." Inna takan ajiye mini kwanon tuwo a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa sau ɗaya ta tafi, kamar ana ciyar da mai jinya. Can ta bayan katanga, daga gidan Hajiya Ladi, wani lokaci iska takan kawo mini dariyar Maman Terna, guntuwa, sai ta ɗauke. Ni da Baba katako ɗaya ne tsakaninmu, shi yana gadin karatun da ba a yi, ni ina kwance ina jin numfashinsa, kuma ba wanda zai iya ce wa ɗaya uffan. Sau da yawa na ɗora hannu a kan sakata. Sai in tuna fuskarsa ranar da ya kafa ƙofar, in janye.

Da abin ya yi nisa har laccar ma na fara tsallakewa, domin kunyar shiga aji ba ka san abin da aka yi jiya ba ta fi kunyar rashin zuwa. Nakan hau bas da safe kamar kowa, in sauka a bakin kwaleji, in tsaya ina kallon masu shiga, in ce bari wannan ta wuce, ta gaba zan shiga. In zagaya bayan ginin in zauna ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro har azahar. Jarrabawar zangon farko ta zo ta same ni da littattafai masu kyawun bango. Da aka liƙa sakamako a allo, na jira sai da mutane suka watse. Na faɗi fiye da rabin darussan. A gaban lambata an rubuta gargaɗi, wanda ma'anarsa ita ce in zango na biyu ya zama haka, an sallame ni. Na dawo gida, Baba ya miƙe ya buɗe mini ƙofa.

Ya ce, "Sakamako bai fito ba?"

Na ce, "Sun ce sai an gama haɗawa, Baba."

"To. Manyan makarantu haka suke, ba sa gaggawa."

Zango na biyu ya fara, na rantse wa kaina na canja, kuma na sake fiƙe fensir. Damina ta kankama. Aka sa mana ranar gwaji a kan zuciya da yadda jini ke zagaya jiki, ranar tana matsowa ina kallonta kamar mai kallon mota daga tsakiyar titi. Ana saura 'yan kwanaki aka yi wa Baba rasuwar wani tsohon abokin aikinsa a Zariya, ya tafi ta'aziyya da asuba, bayan ya bar wa Inna amanar shiru. Da hantsi hadari ya haɗo. Rumfar Hajiya Ladi tana yoyo, sai ga matan sun kwaso tirensu da gudu sun dawo tamu, dab da ƙofata. Ina kwance a tabarma ina jinsu. Da farko raɗa suke yi. Ruwa ya tsuge a kan kwano, suka ga ba mai jinsu, muryoyi suka fara tashi.

Maman Terna ta ce, "Ni dai gidan nan ya ishe ni. Ko coci ana waƙa. Nan sai ka ce an yi mutuwa ba a gaya mana ba."

Inna ta ce, "Ki rufa mini asiri, Maman Terna."

"Wane asiri? Yarinyar nan da bakinta kamar rediyo, yanzu in na gaishe ta sai ta ɗaga mini kai kamar ƙadangare. Abeg, wane irin boko ne wannan?"

Ina jin ƙarar ɓawo a yatsun Inna. Can ta ce, a hankali, "Ni hannuna ma ya rage sauri. Da tana karatun nan ban san lokacin da tire ke cika ba. Jiya na tashi zan tambaye ta yadda labarin yarinyar nan mai ɗinki ya ƙare, sai na tuna."

Ban yi wani tunani ba. Da na yi tunani da na ce bayan la'asar. Na ɗauki littafin da ke sama, na zare sakata. Suka ɗago gaba ɗaya kamar an kama su da sata. Turmin yana nan inda yake, na kife shi na zauna.

Inna ta ce, "Rabi, Babanki…"

Na ce, "Yana Zariya. Inna, kin san zuciya ɗaki huɗu gare ta?"

Maman Terna ta ce, "Ɗaki huɗu? To a ba ni hayar ɗaya, wanda ba ya yoyo."

Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, har ƙirjina ya yi zafi saboda daɗewa. Na buɗe littafin na karanta layin farko da Turanci, da ƙarfi, sannan dole in faɗa musu da Hausa abin da yake nufi, kuma ba yadda za ka faɗi abin da ba ka gane ba. Sai na koma na sake karantawa, wannan karon ina nema. Na ce musu jini matafiyi ne. Yana dawowa gida a gajiye, fuskarsa ta yi duhu, ya shiga ɗakin dama na sama, a saukar da shi na ƙasa, daga nan a aika shi huhu ya sha iska. Na dakata in juya shafi.

Inna ta ce, "To, sai me ya faru?"

Nafisa, wata nawa ina jiran wannan tambayar ban sani ba. Na duba littafin, na ga ban san amsar ba, kuma a karon farko tun shigata kwaleji na ji ina son in sani, yanzu, kafin tiren ya cika. Matafiyin ya dawo daga huhu ja wur, ya shiga ɗakin hagu na sama, ya sauka na ƙasa, wanda bangonsa ya fi na kowanne kauri saboda shi ke tura shi har yatsan ƙafa. Na sa masa suna ɗakin sallama. Maman Terna ta ce ƙarya ne, wanda aka sallama har yatsan ƙafa ba zai dawo ba. Na yi ta jayayya da ita da hujja daga shafi na gaba, da wanda ke bayansa. Ruwa ya ɗauke ba mu sani ba. Sai da inuwa ta faɗo a kan littafin na ɗaga kai.

Baba ne, rigarsa a jiƙe, takalmansa a hannu. Bai dube ni ba tukuna. Ƙofar ya duba, a buɗe, iska tana ɗan kaɗa ta. Matan suka tattara tirensu suka sulale. Na sauko daga turmi na durƙusa, ɓawon agushi a manne a bangon littafina.

Na ce, "Baba, sakamako ya fito tun tuni. Na faɗi. In na sake faɗuwa za su kore ni."

Ya juyo da kunnen dama, na maimaita. Ya sake duban ƙofar.

"Duk zaman nan?"

"Ban karanta komai a ciki ba, Baba."

"Ƙofar ce ba ta yi ba? Ko ƙara tana shiga?"

"Ƙofar ta yi. Ba abin da ke shiga. Ni ce ban iya zama ni kaɗai ba. In za ka bar ni in yi a nan waje, ina jin zan iya."

Na yi zaton faɗa, har na so a yi faɗan. Sai ya ajiye takalmansa, ya je ya ja ƙofar ya rufe a hankali, kamar yadda ya saba, duk da ba kowa a ciki. Ya ce, "Yi yadda zai fisshe ki." Washegari ya ɗauki bencinsa ya kai zaure.

A littattafan da na taso da su, a nan ake rungumar juna a yafe. Mu ba haka aka yi ba. Na koma kan turmi, matan suka dawo rumfa, kullum sai na shiga lacca domin in samo musu ci gaban labari, kuma na haye zangon da ƙyar, ina jan darussan da na faɗi har shekara ta gaba. Jinkirin bai rabu da ni ba, har yau in aka bar ni ni kaɗai da aiki sai na fara gyaran tebur. Amma Baba bai ƙara tambayata makaranta ba. Ba fushi yake ba, yana amsa gaisuwata, yana sa mini albarka. Sai daga baya na gane abin da na karɓe masa. Tun da masaƙa ta rufe, gadin ƙofar nan ne kaɗai aikin da yake tashi dominsa da safe, kuma shi ne abu mafi tsada da ya taɓa ba wani. Na mayar masa da shi a gaban matan unguwa. Ya zauna a zaure shekara da shekaru, shi kaɗai, bayansa jingine da bango, yana kallon masu shige da fice. In na wuce da littafi a hannu sai ya sunkuyar da kai ga carbinsa. Na samu tsakar gida cike da mutane, amma duk lokacin da aka yi dariya sai in tuna akwai wanda ke zaune a can. Ɗakin ya koma na ajiyar buhunan agushi. Ranar da na karɓi shaidar kammalawa ya riƙe ta da hannu biyu, ya ce Allah ya sa albarka, ya miƙo mini.

Kina goye a bayana lokacin da ciwonsa na ƙarshe ya kama shi. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya, na kai shi asibitin da nake aiki. Likita ya gama dubawa ya yi mini bayani da Turanci, ya fita. Na tsaya ina neman yadda zan sassauta masa maganar. Baba yana kwance yana kallon silin.

Ya ce, "Ɗakin sallama ne ya gaji, ko?"

Na juyo na dube shi.

"Na hagu, na ƙasa. Mai kaurin bango. In ya kasa turawa sai baƙi su taru a hanya, ƙafa ta kumbura. Haka kika ce musu."

"Baba, a ina ka ji?"

Ya ɗan yi murmushi, ya taɓa kunnensa na dama. Sai a lokacin na tuna yadda yake zama a zauren nan duk tsawon shekarun: kullum gefen hagu yana wajen titi, na dama yana wajen tsakar gida.

Ya ce, "Zaure ai ba shi da ƙofa, Rabi."

Wannan shi ne abin da ya faru a shekarar da Kawunku yake ba ku labari. Kada ku ga laifinsa, abin da ya gani ya faɗa. Ke kuma Nafisa, na ji muryarki a waya ranar Juma'a, kin ce komai lafiya, ɗakinku shiru, kin sayi sababbin birai kala-kala, kin jera littattafai. Na san wannan muryar. In kin zauna layin farko ya ƙi shiga, kada ki jira Asabar. Ki kira ni ki karanta mini, ko ban san komai a kan darasin ba. Na sayo agushi mai ɓawo jiya, yana nan a tire, ban taɓa shi ba.